Yadda Ake Duba Taimin Bawul Bayan An Canja Sarƙar Injin Mota

Wanda ya ɗaura sabuwar sarƙar taimin, wato sarƙar da ke daidaita lokacin buɗewar bawul da hawan fistin, bai gama aiki ba tukuna. Saura ya tabbatar kowane haƙori ya zauna a gurbinsa, kuma wannan tabbaci da hannu ake samun sa, ba da makulli ba. A yawancin injinan zamani, wurin da bawul yake saukowa idan ya buɗe, nan ne fistin yake hawowa. Lokaci ne kaɗai ya raba su. Idan taimin ya goce da haƙora kaɗan, kik ɗaya ya isa ya lanƙwashe bawuloli, aikin da aka fara a gaban inji ya koma na sauke tofsilinda, wato kan inji inda bawuloli suke.

Abu ɗaya za ka riƙe a ka. Kiranshaf, sandar da fistin ke juyawa, yana juyi biyu, wato digiri 720, kafin kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, ya yi juyi ɗaya. Saboda haka haƙori ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Idan sifiroket ɗin kamshaf, wato faifai mai haƙora da sarƙa ke hawa, yana da haƙora 36, kowane haƙori digiri 10 ne a kamshaf, digiri 20 a kiranshaf. Wannan lissafin zai yi maka amfani nan gaba, lokacin da za ka yanke hukunci ko gocewar da kake gani ta haƙori ce ko ta ido.

Kayan aiki

Soket da dogon hannu wanda ya dace da ƙusar kiranshaf, soket ɗin fulogi, sifana mai auna ƙarfin ɗauri, sifanar riƙe kamshaf, tocila mai haske sosai, ƙaramin madubi mai sanda, rula ta ƙarfe, da fenti ko alƙalamin fenti. Sai siririyar sanda doguwa mai santsi ta itace ko roba, wadda za ta shiga ramin fulogi. Idan kana da agogon awo mai allura, ya fi sanda nesa ba kusa ba. Daga baya za ka buƙaci ma'aunin kwamfireshan da na'urar karanta kwamfutar mota.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne zanen taimin na ainihin injin da ke gabanka. Lambar inji za ka bi, ba sunan mota ba, domin mota ɗaya kan zo da injina iri biyu ko uku, kuma alamominsu ba ɗaya ba ne. Wasu injinan ma ba su da alama ko ɗaya: fil ake cusawa ya kulle kiranshaf ko fulawil (babban faifan da ke bayan kiranshaf), a sa faranti ya kulle kamshaf. Irin su Ford Duratec da Mazda MZR masu silinda huɗu, da injinan BMW da dama, haka suke. Idan naka irin wannan ne, nemi ƙarafan kullewar kafin ka fara. Aro ko haya duk sun fi kintace.

1. Ka kashe duk wata hanyar da injin zai motsa da kansa

Cire kan batir na baƙar waya. Sa giya a firi, ja burkin hannu. Cire fulogi duka, ba na silinda ta ɗaya kaɗai ba. Idan dizal ne, cire fulogin ɗumama inji. Dalili shi ne kana son injin ya juya sakayau, ta yadda duk wani tauri da hannunka ya ji zai zama labari ne, ba matsin iska ba. Murfin bawul ya kasance a buɗe. Ka leƙa ko'ina ka tabbatar ba ka bar tsumma, soket ko noti a cikin gidan sarƙa ba.

2. Duba da ido kafin komai ya juya

Wannan ne kawai lokacin da zoben sarƙa masu launi suke da magana. Sabuwar sarƙa takan zo da zobba biyu ko uku da aka yi wa launi dabam, rawaya, ruwan lemo ko na tagulla. Kowanne ya zauna daidai kan ɗigo ko layin da ke jikin sifiroket ɗinsa: ɗaya a na kiranshaf, sauran a na kamshaf. Yi amfani da madubi ka kalle su kai tsaye, domin kallon gefe yana yaudara, musamman a injin da ke kwance a gicciye inda jikin mota ya tare gani.

Ka lura sifiroket ɗaya kan ɗauki alamomi fiye da ɗaya, saboda kamfani yana amfani da shi a wurare dabam-dabam. Za ka ga IN da EX, na bawul ɗin shigar iska da na fitar hayaƙi, ko L da R a injin V. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne ɗora zobe mai launi a kan alamar da ba tata ba. Hagu da dama kuma yawanci daga kujerar direba ake lissafa su, ba daga inda kake tsaye a gaban inji ba.

Idan sarƙar da ka saya ba ta da launi, shimfiɗa tsohuwar kusa da ita, ka fara ƙirga zobban duka biyun ka ga tsawonsu ɗaya ne, sannan ka ƙirga tazarar da ke tsakanin alamomin tsohuwar ka ɗiga fenti a sabuwar. Ƙirga sau biyu.

Sai sassaucin sarƙa. Duk sassaucin ya taru a ɓangaren tenshina, wato abin da ke miƙe sarƙa, wadda wasu ke kira ajasta. Ɗaya ɓangaren, wanda kiranshaf ke ja, ya miƙe tsaf. Zare fil ɗin tenshina ka ga bakinta ya fito ya danne damfa, wato abin da sarƙa ke zamewa a jikinsa. Ka tabbatar ƙusoshin damfa da na sifiroket sun sha ɗaurin da littafi ya ce. A ƙarshe cire duk ƙarafan kullewa. Mutum ya manta fil a jikin fulawil ya ɗora dogon hannu ya danna, abin da zai karye ba fil ɗin kaɗai ba ne.

3. Nemo ainihin ƙololuwar fistin na ɗaya

Duk awon taimin daga nan yake tashi: inda fistin na silinda ta ɗaya ya kai ƙarshen hawansa, abin da littattafai ke rubutawa TDC. Akwai tsaga a jikin fulin kiranshaf da ake daidaitawa da sifili a murfin gaba, amma kada ka ba ta amana ɗari bisa ɗari. Fulin ƙarfe biyu ne da roba a tsakani; idan robar ta tsufa, zoben waje yakan zame, tsagar ta tafi da shi.

Saka sandarka a ramin fulogi na ɗaya, ta zauna a kan fistin a tsaye. Juya kiranshaf a hankali kana riƙe da sandar da yatsu don kada ta karkace ta maƙale. Za ta hau, ta tsaya cik na ɗan lokaci ko da kana juyawa, sannan ta fara sauka. Wannan ɗan tsayawar ita ce matsalar, domin tana cin digiri da dama. Maganinta: yi wa sandar layi kaɗan ƙasa da ƙololuwa. Lokacin da layin ya zo daidai bakin rami a hawa, ɗiga fenti a fuli daidai wani tsayayyen wuri a jikin inji. Ci gaba da juyawa, idan layin ya dawo daidai bakin rami a sauka, sake ɗigawa. Tsakiyar ɗigo biyun nan ita ce ƙololuwa ta gaskiya. Idan da sifilin murfin gaba ka auna, kuma ta faɗa kan tsagar kamfani, madalla. Idan ba ta faɗa ba, fulin ne ke ƙarya, kuma shi ma ya shiga jerin abin canjawa.

Kada ka yi amfani da sukudireba ko wani ƙarfe mai kaifi, kada kuma ka sa guntun abin da zai iya faɗawa ciki.

4. Tabbatar a wace ƙololuwa kake

Fistin na ɗaya yana zuwa sama sau biyu a zagaye guda: sau ɗaya a ƙarshen matsa iska, sau ɗaya a ƙarshen fitar da hayaƙi. Yawancin alamomi a ta farkon ake karanta su. Kalli ƙusoshin kamshaf na silinda ta ɗaya, wato tudun da ke danna bawul: a ƙololuwar matsi duk sun kau da kai daga bawul, babu wanda ke dannawa. A inji mai silinda huɗu a jere da ke tashi 1-3-4-2, a daidai wannan lokaci silinda ta huɗu ce bawulolinta ke musayar aiki, na hayaƙi yana gama rufewa, na iska yana shirin buɗewa. A mai shida a jere, ta shida ce ke yin haka. Idan ka ga alamomin kamshaf sun koma ƙasa gaba ɗaya, kada hankalinka ya tashi, juyi ɗaya na kiranshaf ya rage maka.

5. Juyi biyu da hannu

Nan ne zuciyar aikin. Ɗora soket a ƙusar kiranshaf, ba a ta kamshaf ba, ka juya ta inda injin ke juyawa idan yana aiki. A mafi yawan injina, idan kana fuskantar fuli, hanyar hannun agogo ce. Tafi sannu, da hannu ɗaya, ba tare da ka jingina nauyin jikinka ba.

Za ka ji nauyi yana zuwa yana wucewa, wani lokaci ma kamshaf ya yi ɗan tsalle gaba. Wannan sifirin ɗin bawul ne, kuma a injinan da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda akwai famfon mai da kamshaf ke dannawa, shi ma yana ƙara nauyi. Irin wannan nauyin yana da laushi, idan ka ci gaba yana sakin hannu. Abin tsoro shi ne tsayawa cak, ƙarfe ya daki ƙarfe. Da zarar ka ji haka, dakata. Kada ka ce bari in ƙara ɗan ƙarfi in gani. Da dogon hannu, ƙarfin mutum ɗaya ya isa ya lanƙwasa bawul ba tare da ya ji ya yi wani abu ba. Koma baya kaɗan don ka raba su, ka sake duba alamominka daga farko.

Tenshina da yawa da matsin baƙin mai suke samun cikakken ƙarfinsu, yanzu kuwa babu mai a cikinsu, sifirin ne kawai ke riƙe da su. Idan ka ga sarƙa tana yin ciki tsakanin sifiroket biyu, ko tana neman hawa kan haƙora, sa wani ya danna damfar tenshina da hannu yayin da kake juyawa.

Idan ka kusa cika juyi na biyu, rage sauri ka shigo alamar a hankali. In ka wuce ta, kada ka dawo da baya don ka daidaita. Komawa baya tana kwashe sassaucin sarƙa zuwa ɓangaren da ya kamata ya miƙe, awonka ya zama ƙarya, wani lokaci ma sarƙar ta tsallake haƙori. Ƙara wasu juyi biyu, ba su da tsada. Akwai togaciya guda: a wasu injinan Toyota kamar 1ZZ-FE da 2AZ-FE, tenshina ta jikin murfin gaba take shiga, kuma littafinsu da kansa ya ce a ɗan juya baya don ƙugiyarta ta saki, sannan a dawo gaba. Wannan ɗan motsi ne na sakin tenshina, ba hanyar daidaita alama ba.

6. Karanta alamomin ƙarfe, ka manta da launi

Sababbin hannu da yawa a nan suke rikicewa. Sun yi juyi biyu, sun duba, zobba masu launi sun bar kan ɗigo, sai su kwance aikin da yake daidai. Zobban ba za su dawo ba sai bayan juyi masu yawan gaske, domin yawan zobban sarƙa bai yi daidai da yawan haƙoran sifiroket ba. Launi na ɗaurawa ne kawai. Bayan an juya, shaidar da ta rage ita ce alamar sifiroket da alamar da ke jikin inji: tsaga a murfin bayarin kamshaf na farko, ko layukan sifiroket biyu da ke kallon juna daidai da saman tofsilinda. Ɗora rula a kan tofsilinda ka gani, kada ka auna da ido. A injin da ake kullewa, shaidar ita ce fil da faranti su shige wurinsu da hannu, ba duka, ba lanƙwasa kamshaf don su shiga.

To, idan alamar ta ɗan kauce fa? Kwatanta kaucewar da faɗin haƙori ɗaya. Kaucewar da ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na haƙori ba abu ne da ake gani, musamman idan an taɓa yi wa tofsilinda aski: askin yana rage tazara tsakanin kiranshaf da kamshaf, kamshaf ya ɗan yi latti. Cikakken haƙori kuwa kuskuren ɗauri ne. Rabin haƙori shi ne mai sa tunani, kuma a ganina bai kamata a rufe inji a kansa ba. Yawanci ɗaya daga cikin uku ne: kiranshaf bai zauna a ainihin ƙololuwa ba, tenshina ba ta fito ba, ko sifiroket bai zauna kan fil ɗinsa ba. A injinan da sifiroket ɗin kiranshaf ba shi da ki, wato ɗan ƙarfen da ke hana shi zamewa, irin Duratec da MZR da aka ambata, ƙarfin ƙusa ne kawai ke riƙe da shi, don haka yana iya zamewa a lokacin ɗaurin ƙusar, kuma zamewar ba ta bin lissafin haƙori. A irinsu sai an sake dubawa bayan ɗaurin ƙarshe.

Idan babu zane, babu alama, babu ƙarfen kullewa, abin da ya rage shi ne kallon musayar bawul da aka yi bayani a mataki na 4: ta faru a kusa da ƙololuwa. Wannan zai nuna maka babban kuskure, amma ba zai rantse maka a kan haƙori ɗaya ba, balle a inji mai VVT, wato tsarin da ke canja lokacin buɗewar bawul yayin da inji ke aiki.

7. Sifiroket mai VVT

Wannan sifiroket ɗin gida biyu ne: na waje da sarƙa ke ja, da na ciki da ke ɗaure da kamshaf, kuma matsin mai yana karkata na cikin gaba ko baya. Idan inji a kashe yake, wani ɗan fil yana kulle su wuri ɗaya. In fil ɗin bai shiga ba, alamar waje za ta nuna daidai alhali kamshaf yana wani wuri. Kama kamshaf da sifana a wurin da aka yi masa kafaɗu shida, ka ɗan girgiza shi gaba da baya. Ya tafi tare da sifiroket kamar abu ɗaya. Idan yana motsi shi kaɗai, juya shi a hankali har ka ji ƙaras na kullewa, sannan ka sake karanta alama. Wanda ya ƙi kulluwa ya gama aiki. Sabuwar sarƙa ba za ta hana shi ƙara da safe ba.

8. Inji mai sarƙa fiye da ɗaya

Kowace sarƙa ana duba ta ita kaɗai. Nissan VQ35 yana da babbar sarƙa ɗaya da ƙanana biyu da ke haɗa kamshaf na kowane gefe. V6 mai lita 3.6 na GM shi ma uku gare shi, kuma a matakai biyu ake ɗaura su, ana juya kiranshaf a tsakani, don haka alamomin gefe biyu ba a wuri ɗaya ake karanta su ba. Kada kuma ka manta ƙaramar sarƙar ƙasa. Idan famfon mai kawai take ja, da sauƙi. Idan tana jan sandunan da ke rage girgizar inji, tana da nata alamomin, kuma in ka kuskure su inji zai tashi lafiya amma ya riƙa kakkaɓa ba ka san dalili ba.

9. Idan ka samu kuskure

Mayar da tenshina ciki ka sa mata fil, sassauta sarƙa, ka gyara. Kafin ka juya kamshaf shi kaɗai, kawar da fistin daga sama: a mai silinda huɗu a jere, digiri 90 daga ƙololuwa yana ajiye su duka a tsakiyar hanya. Riƙe kamshaf da sifana kafin ka ɗage sarƙa, domin sifirin yana iya fizge shi, kuma yatsun da ke tsakanin sarƙa da haƙora su ne ke biya. Bayan gyara, koma mataki na 5 ka sake juyi biyu. Ƙusoshin da littafi ya ce ɗauri ɗaya suke yi, waɗanda ake ƙara musu digiri bayan awo, sababbi ake sakawa.

10. Rufewa da gwajin kwamfireshan

Rufe murfin gaba, kada ka cika gam, domin rarar da ta matso ciki takan gutsure ta toshe ragar solinoyid ɗin VVT (abin da ke sarrafa man da ke zuwa sifiroket) ko ƙaramar hanyar man tenshina. Zuba mai, mayar da batir, amma bar fulogi a waje, ka cire fiyus ɗin famfon fetur da wayoyin koyil. Yi kik na daƙiƙa goma, ka huta, ka sake, har fitilar mai ta mutu. Wannan yana cika tenshina kafin inji ya ɗauki wuta.

Tun da fulogi suna waje, auna kwamfireshan, totur a buɗe. Silinda su yi kusa da juna, bambancin kada ya wuce kamar kashi 10 cikin 100. Duka sun yi ƙasa tare, zargi taimin. A injin V, gefe ɗaya duka ƙasa, ɗayan lafiya, wannan gefen ne ya goce. Silinda ɗaya ko biyu sun faɗi warwas, mai yiwuwa bawul ya riga ya lanƙwashe, ko tun lokacin da tsohuwar sarƙa ta tsallake.

11. Tashin farko da kwamfuta

Mayar da komai, duba filogin sensa na kiranshaf da na kamshaf sun shiga har sun yi ƙara, ka tayar. Ɗan kacau-kacau na daƙiƙa biyu ko uku ba komai ba ne. Idan ya zarce haka, kashe. Injin da ya ƙi tashi sai da dogon kik, ko yake tari ta wurin shan iska, ko silo ya ƙi zama, kada ka yi ta ba shi wuta don ya gyaru.

Goge tsofaffin lambobi a kwamfuta, bari inji ya yi zafi, ka fita da motar ka dawo ka sake karantawa, domin wasu motocin sai a tafiya ta biyu suke kunna fitila. P0016 da P0017 suna cewa kiranshaf da kamshaf ba su jitu ba a gefen da silinda ta ɗaya take, ta farko kamshaf na iska, ta biyu na hayaƙi. P0018 da P0019 na ɗaya gefen ne. Idan na'urarka tana nuna awo kai tsaye, kwatanta digirin da kwamfuta ke nema daga kamshaf da wanda take samu: a silo su yi kusan ɗaya. Tazarar da ta tsaya wuri ɗaya kusa da digiri 18 ko 20, ko rabin haka idan na'urar da digirin kamshaf take lissafi, haƙori ɗaya ne. Tazarar da ke hawa tana sauka ta fi kama da matsalar mai, solinoyid ko sifiroket ɗin VVT. Kafin ka sake buɗe gaban inji saboda lamba, duba yawan mai da kaurinsa, ragar solinoyid, da farantin haƙoran da sensa ke karantawa ko ya lanƙwashe a lokacin aiki. Wasu motocin kuma, musamman na GM, suna so a sake koya wa kwamfuta matsayin kiranshaf da na'ura bayan irin wannan aiki. Idan duk waɗannan lafiya suke kuma lambar ta dawo, cire murfin bawul kawai, kawo fistin na ɗaya ƙololuwa, ka karanta alamomin kamshaf daga sama. A injina da yawa wannan ya isa ya nuna maka ko sai an buɗe gaban.